Aiki Biyu a Rami Ɗaya

Bong Chun-bae ya taɓa yin gadi na damina guda a ƙofar wani ofishin gona a birni, yana ɗaga wa motoci sanda su shiga, yana sauke ta in sun wuce. Tun daga nan babu wanda ya sake shuka ko da albasa daidai a ƙauyen Solgol, in dai shi aka tambaya. Ba a ma tambayarsa. Kana tsugune kana cire ciyawa sai ka ji inuwa ta rufe ka, ka ɗaga kai ka gan shi hannu a baya, yana kaɗa kai yana cewa, "Mu a ofis ba haka muke yi ba." Lambun gidansa kuwa matarsa ce ke riƙe da shi.

Ita matar, kowa 'Yar Yechon yake kiranta, don daga can aka auro ta. A kakar wannan shekarar 'yarsu Mi-ok ta haihu a Daegu, uwar ta ɗaure kaya za ta je zaman jego. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Baban Mi-ok, ka ba ni kunnenka duka biyu. Dorajin bayan ɗaki ya cika shekara uku, karansa ya bushe. A tone saiwar a mayar da ita sabuwar ƙasa, in ba haka ba ruɓewa za ta yi. Sai randunan kimchi. Na wanke su na kife. Ka haƙa rami ka binne su har wuya kafin ƙasa ta daskare."

"Ni za ki koya wa doraji?"

"Babbar randar, da hannu biyu za ka kama ta."

"Ni da na yi aiki da injiniyoyi..."

"Da hannu biyu," in ji ta, ta ɗora ƙunshinta a ka ta tafi.

Randunan uku ne, babbar ta mahaifiyarta ce. Ranar bikinsu tsohon 'Yar Yechon ya goyo randar a bayansa ya tsallako dutse da ita, ya sauke ta a tsakar gidan nan, ya yi wa ango kallon da bai manta ba har yau. A cikin waɗannan randuna ake danna kimchi, wato kabeji mai gishiri da yaji da gidan ke ci tun saukar ƙanƙara har bazara. Gidan da randarsa ta samu matsala, tsurar shinkafa zai ci duk hunturu, kuma matan gari za su san dalili.

Chun-bae ya tsaya bayan ɗaki, ya dubi kunyar doraji, shukar nan da ake cin saiwarta, ya dubi randuna. Haƙa biyu ke nan, shi kuwa ƙugunsa ɗaya ne. Nan take basira ta faɗo masa. Me zai hana a shuka dorajin a cikin randunan, a binne su gaba ɗaya? Ta ce a mayar da doraji sabuwar ƙasa, an mayar. Ta ce a binne randuna, an binne. Saiwa za ta miƙe sambal babu dutsen da zai tare ta, ɓera bai isa ya kai gare ta ba, in shekara uku ta zagayo ƙasar kawai za a sauya. Kimchi kuma durom na roba za a samo masa, kamar yadda wayayyu ke yi a birni. Sai da ya zauna a kan dutse, don girman abin ya ɗan sa masa jiri.

Da yamma ya je bakin shago, inda maza ke zaune kan benci suna shan giyar shinkafa. Maƙwabcinsa Hwang Dal-su yana nan da farar karyarsa kwance a ƙafarsa. Tare suka taso, kuma tun suna yara Dal-su bai taɓa yarda da ko kalma ɗaya daga bakin Chun-bae ba.

"Ku rubuta ku ajiye," in ji Chun-bae. "Dorajin da zan fitar a garin nan sai ya kai kaurin cinya."

"Cinyar wa?" in ji Dal-su. "Taka ko ta kaza?"

"Kai da har yanzu kake shuka irin ta kakanka."

"Kakana bai taɓa kwana da yunwa ba. To yaya za ka yi?"

"Sirrin ofis ne."

"Wane ofis? Na ciki ko na bakin ƙofa?"

Aka yi dariya. Chun-bae ya taya su, irin dariyar mai tausaya wa jahilai, ya shanye ƙoƙon Dal-su bisa kuskure ya tafi.

Abu ɗaya ya sani tabbas game da doraji, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Ke nan sai an huda randunan. Ya fara gwaji da tukunyar miya: ya ɗora ƙusa, ya buga guduma, tukunya ta rabe biyu. Ya gane cewa ƙananan tukwane ba su da haƙuri. A kan randuna ya bi a hankali, yana ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan, har kowace ta samu rami a gindi wanda babban yatsa zai shige. Da ya zo kan babbar ya tuna maganar matarsa, saboda haka ya kama gudumar da hannu biyu.

Ya haƙa ramin a tudun bayan ɗaki, ya shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, ya kwantar da dogon bututun gora daga ƙarƙashin tsakuwar, ya ratsa da shi ta gindin katanga har bakinsa ya leƙo kan hanya, daidai gefen ƙofar gida. Ya tono dorajin da shebur, rabin saiwoyin suka fito a datse, ya ce a ransa an samu ƙarin iri. Ya cika randuna da ƙasa, ya cusa saiwoyin, ya rufe da karan shinkafa. Duk wanda ya wuce ta hanyar sai ya ga bakin gora yana kallonsa daga gindin katanga.

"Wannan fa?" in ji 'Yar Sangju, matar Dal-su.

"Magudanar kimiyya ce."

"Me ke gudana?"

"Lokacinsa bai yi ba."

Saura durom. Ranar kasuwa ya dawo da shuɗin durom na roba ɗaure a bayan keke, wai wani tsohon abokin aiki ne ya ba shi kyauta don girmamawa. Da ya buɗe murfin sai ya fahimci girmamawar: kananzir aka daɗe ana zubawa a ciki. Ya wanke da sabulu, wari yana nan. Ya wanke da toka, wari ya ƙaru. Sai ya tuna yadda 'Yar Yechon ke yi wa randa in tana so ta kore mata tsohon wari: takan kunna damin karan shinkafa ta jefa ciki, hayaƙi ya zagaya. Ya ƙulla dami mai kauri, ya kunna, ya jefa, ya leƙa don ya ga yadda hayaƙin ke aiki.

Har bakin rafi an ji ƙarar. Mutane suka yo gudu da bokitai, suka tarar da durom ya narke ya zauna, baƙin hayaƙi yana tashi, Chun-bae na tsaye gefensa fuska baƙi ƙirin, babu gira ko ɗaya.

"Lafiya, Baban Mi-ok?" in ji mai gari, yana haki.

"Gwaji ne."

"Ya yi?"

"Ya nuna abin da ake so ya nuna."

Dal-su ya zagaya shi yana duba fuskar. "Girar ma tana cikin gwajin?"

"Ba a shiga ɗakin bincike da gira."

'Yar Sangju ta watsa wa durom ruwan bokitinta, ta watsa wa Chun-bae sauran, wai ta ga kamar rigarsa na hayaƙi.

Bai yi niyyar karaya ba. Wani durom zai nemo a kasuwa mai zuwa. Sai dai washegari da hantsi lasifikar da ke kan bishiyar tsakiyar gari ta yi kaki. Waya ɗaya ce a Solgol, a gidan mai gari take, shi kuma duk saƙon da ya shigo ta lasifika yake isar da shi, don kada a ce ya rage wani abu.

"A, a. Jama'ar Solgol. Saƙo ga Baban Mi-ok. 'Yar Yechon ta bugo. Jariri lafiya, mai jego lafiya. Gobe da yamma tana tafe. Gayyar kimchinta jibi ce, mata su zo da wuƙaƙensu. Ta ce in randuna ba sa cikin rami, shi ya shiga. Ƙarshen saƙo."

Chun-bae yana tsugune yana cin dankali a lokacin. Ya ajiye dankalin. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da surukinsa ya sauke randar nan ya dube shi.

Ya ruga bayan ɗaki ya tumɓuke dorajin, ya watsa shi bayan makewayi. Ya shiga kwashe ƙasa da ƙoƙo. Randa binnanniya ba ta kwasuwa daga sama, sai mutum ya zura kai da kafaɗa. Yana cikin babbar har ƙugu, ƙafafu a sama, ya ji muryar Dal-su daga kan katanga.

"Yaya, ka yi ɓatan kai ne?"

"Wanke randa nake," in ji Chun-bae daga ciki, muryarsa na amsa kuwwa.

"Da ƙasa?"

"Da ƙasa ake wankewa a ofis. Ruwa na kashe wa randa numfashi."

"To. In jawo ka ne, ko numfashin kake ba ta?"

Sai da Dal-su ya tsallako ya ja shi ta ƙafa. Chun-bae ya yi maza ya zauna a bakin randar don kada a leƙa, ya yi ta zama har Dal-su ya gaji ya tafi.

Yanzu ramukan. Ya gwada itace, bai zauna ba. Ya gwada tsumma, ya ga zai yi fallasa. Idonsa ya faɗa kan tarin kabejin da aka sare aka jibge a tsakar gida. Gindin kabeji, ga tauri, ga daɗin fiƙewa, kuma ko an gan shi a cikin randar kimchi wa zai ce baƙo ne? Ya fiƙe guda uku, ya danna kowanne a raminsa, suka zauna daram. Ya zuba ruwa don gwaji, ko ɗigo bai fita ba. Ya tsane randunan, ya shimfiɗa korayen ganyen kabeji a ƙasansu, ya rufe. Tsoron ya tafi, ya fara tunanin ko ya kamata a sanar da ofis wannan dabarar.

Washegari 'Yar Yechon ta iso da yamma. Ba ta shiga ɗaki ba, bayan gida ta wuce. Ta ga randuna a binne har wuya, ta ɗaga murfi ta ga ganye a shimfiɗe. Ta dubi mijinta.

"Ina girarka?"

"Zafin aiki."

"Doraji fa?"

"An mayar da shi wani wuri."

Ta daɗe tana kallonsa. Amma ga kabeji na jiran a tsaga shi a barbaɗa masa gishiri ya kwana, ba ta da lokacin bincike. Har ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari." Tun aurensu bai fi sau biyu ya ji wannan daga bakinta ba, ya kwana yana murmushi.

Ranar gayya tun da sassafe mata suka cika tsakar gida, kowace da wuƙarta da ɗankwali ɗaure. Aka ɗauraye kabejin da ya kwana cikin gishiri. Jiya yana tsaye ƙiƙam yana ƙara in an taɓa, yau ya yi laƙwas, ana naɗe shi a hannu kamar tsumma. Chun-bae ya tsaya a kansu hannu a baya.

"Kun san me ya sa ya yi laushi? Gishiri ke zuƙe masa ruwa. Duk taurin kabeji, in ya haɗu da gishiri sai ya saki."

"Mun gode, malamin ofis," in ji 'Yar Sangju. "Shekara da shekaru muna yi a makance."

Shi bai ji abin da bakinsa ya faɗa ba. Ya wuce ƙofar gida ya shimfiɗa wa maza tabarma.

Mata suka dama jan barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi, suna shafa wa kabeji ganye-ganye, suna miƙa wa 'Yar Yechon, ita tana durƙushe tana dannawa cikin randa. Kafin rana ta take randuna sun cika. Aka tsiyaya sauran ruwan yaji a kai har ya rufe kabejin, aka ɗora murfi, aka wanke hannu. Aka fito da dafaffen nama, kowa na naɗe yanka a cikin sabon ganye mai yaji yana kaiwa baki. Maza na ƙofar gida, Chun-bae na yi musu bayanin yadda ake binne randa a kimiyance.

Karyar Dal-su ce ta fara. Ta zo ta gefen katanga tana atishawa, hancinta ja, ƙafafunta na gaba ja, duk inda ta taka sai ta bar jan sawu.

"An yanka ta ne?" in ji mai gari.

Dal-su ya kama ta ya shinshina. "Tafarnuwa take yi."

Suka bi sawun da ido. Bakin goran nan da ke gindin katanga yana tsiyayar da jan ruwa a hankali, ya yi 'yar kwata yana bin gangaren hanya.

"Yaya," in ji Dal-su, "lokacinsa ya yi."

"Tsatsa ce."

"A jikin gora?"

Mai gari ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. "Gishirin ya ji," in ji shi. "Hannun 'Yar Yechon ne."

A daidai lokacin 'Yar Sangju ta ɗaga murfin babbar randa don ta ƙara danna ganyen sama, ta ga kabeji a bushe, ruwan ya tafi. Ta ce ko kabejin ne ya sha. Aka dama wani ruwan gishiri aka zuba. Mata na tsaye suna kallo ya sauka, har da 'yar ƙara irin ta maƙogwaro. A waje goran ya ƙara ƙarfi, maza suka janye tabarma.

'Yar Yechon ta naɗe hannun riga ta fara fito da kabejin ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa mata. Maza suka shigo suka jeru jikin katanga. Da ta kai ƙasa ta zura hannu har kafaɗa, ta fito da wani ɗan abu fari, ya yamutse ya yi laushi, ta ɗaga shi sama.

"Baban Mi-ok. Mene ne wannan?"

"Matoshi ne na wucin gadi."

"Matoshin me?"

Ta sake zura hannu. Kowa ya ga lokacin da yatsanta ya sami ramin, don kafaɗarta ta tsaya cak. Tsakar gidan ta yi tsit, har karyar ta daina atishawa.

"Uwata ta gudu da randar nan lokacin yaƙi," in ji ta, ba da ƙarfi ba. "Ta bar bargo, ta bar tukunya, ta ɗauki wannan. Ko bakinta ba ta ɓantare ba."

Ta share ido da bayan hannu, barkono ya shiga, hawayen suka ƙaru. Babu wanda ya yi dariya, har Dal-su ƙasa yake kallo. Chun-bae ya buɗe baki, ya nemi abin da ake cewa a ofis in haka ta faru, bai samu ba. Ya ji kunya har cikin ƙashinsa.

'Yar Sangju ce ta katse shirun. "To, kabeji ba ya jiran kuka. Akwai wuri a randata. Kowa ta ɗauki abin da randarta za ta ci."

Nan da nan aka raba kimchin gidan Bong a kwanuka, ya bi mata gida-gida, daga gidan mai gari har gidan tsohuwar da ke can bakin rafi. 'Yar Yechon ta raka su ƙofa tana godiya. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sai dai ba ni zan riƙa zuwa ɗiba ba."

Washegari Chun-bae ya same ta bayan makewayi tana tsince dorajin da ya watsar. Ta zaɓi saiwoyin da ke da sauran rai, ta cika babbar randar da ƙasa, tunda ba abin da za ta sake riƙewa sai ƙasar, ta dasa su a ciki, ta lulluɓe da kara. Chun-bae ya mayar da hannu baya.

"Kin gani ko? Ai tsarin tun farko..."

Ta ɗago ta dube shi. Ya tuna yana da aiki a gaban gida.

Ranar da ƙanƙara ta fara sauka ta miƙa masa tasa ta ce yau gidan Dal-su. Ya bi hanya yana taka ƙanƙara, girarsa ta fara tsirowa gefe ɗaya. Ya tarar da Dal-su zaune a bakin ɗaki kamar mai jiran baƙo.

"A'a, malamin ofis. Yaya cinya?"

"Tana ƙasa tana hutawa. Kuma in gaya maka, ajiye kimchi wuri ɗaya kuskure ne. A ofis rarraba shi ake yi gida-gida, ko da gobara."

"Gobara kuwa ka san ta."

'Yar Sangju ta buɗe randarta, ta ciro kan kabeji guda yana ɗigar da jan ruwa, ta ɗora masa a tasa. Ya miƙa hannun dama, na hagu yana baya inda ya saba zama. Ba ta saki tasar ba.

"Da hannu biyu, Baban Mi-ok."

Ya fito da ɗayan hannun. Haka ya riƙe ta har gida.